Seriya: Rumbun Iskar Oksijin a Ƙarƙashin Mota

Duk wanda ya tsaya a bakin hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Birnin Kudu zai lura cewa wata mota kan wuce salin-alin, wata kuwa ta bar mutane da tari. Ɗaya daga cikin dalilan wannan bambanci shi ne wani gwangwani da ke jikin salansa, wanda kanikawa ke kira "indomi". A cikinsa akwai saƙar tangaran mai kama da ta zuma, an shafe ta da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, da kuma wani gari da ake kira seriya.

Seriya haɗi ne na oksijin da ƙarfen seriyam, wanda shi ne na 58 a jadawalin sinadarai. A shekarar 1803 Berzelius da Hisinger suka gano shi a ƙasar Suwidin, Klaproth kuma a Jamus. Ba baƙo ba ne a Nijeriya, domin akwai shi cikin ma'adinin monazait da ake samu a yashin kuza na Jos.

Sirrin seriya guda ne: ƙwayar zarrar seriyam na iya sauya hali tsakanin caji 3 da caji 4, ta koma yadda take. Saboda haka garin yana aiki tamkar rumbu. Idan oksijin ya yi yawa a hayaƙin mota sai ya adana shi, idan ya yi ƙaranci sai ya fitar. Da wannan oksijin ake mayar da kabon monoksayid, iskar da ke hana jini ɗaukar oksijin, zuwa kabon dayoksayid. Shi kuwa seriya ba ya ƙarewa. Irin wannan sinadari mai hanzarta aiki shi ake kira katalis.

Wannan hali ne ya sa masana ke gwada seriya a kan gurɓataccen ruwa. A ɗakin gwaji, idan hasken ultrabayolet ya doki garin, yakan haifar da ƙwayoyi masu kaifin aiki da ke farfasa launin rini. Batun ya shafi Jigawa, domin ruwan masana'antun fata da na tufafi na Kano kan shiga kogin Challawa, wanda ke haɗuwa da kogin Kano su zama kogin Haɗeja. Sai dai katalis rini yake farfasawa, ba ya ɓatar da ƙarfen kuromiyam na jima.

A fannin lafiya, tun shekarun 1970 ake haɗa wani gishirin seriyam cikin man shafawa na masu ƙunar wuta. A shekarar 2006 kuma aka nuna cewa ƙananan ƙwayoyin seriya na kare idon ɓera daga lahanin haske mai tsanani, ta hanyar kawar da sinadarai masu cutar da ƙwayoyin halitta. Amma ɓera ba mutum ba ne: har yanzu bincike ake yi, bai zama maganin asibiti ba.

Amfanin seriya da ya tabbata yana nan ƙarƙashin mota. Abin takaici, akan cire "indomi" a sayar saboda ƙarafan da ke ciki. Mai mota ya karɓi kuɗi sau ɗaya, masu talla a tasha da ɗalibai masu zuwa makaranta su yi ta shaƙar hayaƙin kullum.