Shirin Musamman: Wa Zai Karanta Labarin Yaran Baure?

[Kiɗan buɗe shiri, a sassauta]

Shirinmu na yau ya nufi ƙasar Baure, can kusurwar arewa maso gabashin Jihar Katsina, inda masarautar Daura ta yi kafaɗa da Jihar Jigawa ta kuma yi iyaka da Jamhuriyar Nijar. Baure ɗaya ce daga ƙananan hukumomi 5 na wannan masarauta, tare da Daura da Mai'aduwa da Sandamu da Zango. Abin da ya kai mu can kuwa shi ne maganar yara da matasa, da gasar rubuta gajerun labarai, da kuma dalilin da ya sa nake ganin lokaci ya yi da za a shirya wa yaranmu tasu.

Kafin mu isa Baure, sai mun biya ta birnin Katsina, mu koma baya shekaru masu yawa.

A 1933 wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, wanda ke riƙe da Hukumar Talifi a Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, a yi gasa. Bai sha da daɗi ba da farko. A wancan zamani rubutu abu ne na addini da shari'a da tarihi da waƙen wa'azi, kuma malami mai mutunci ba ya ganin ya dace ya zauna ya ɓata tawada a kan abin da bai faru ba. Tatsuniya ta mata ce da yara, ta dare ce, ba ta takarda ba. Duk da haka aka samu waɗanda suka amsa kira. Cikinsu akwai wani saurayi mai shekara 22, malami a Makarantar Midil ta Katsina, sunansa Abubakar Imam. Ya rubuta Ruwan Bagaja. Yayansa, Malam Bello Kagara, ya rubuta Ganɗoki. Wani malamin makaranta daga Bauci, Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda bai wuce shekara 21 ba, ya rubuta Shaihu Umar, tun ba wanda ya san zai zama Firayim Ministan Najeriya. Muhammadu Gwarzo kuma ya kawo Idon Matambayi.

Ku duba abin da gasa guda ta haifar. Saboda Ruwan Bagaja ne aka san alƙalamin Imam, aka kira shi Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, sa'an nan a 1939 ya zama editan Hausa na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Da ba a yi shelar gasar ba, mai yiwuwa da ya ci gaba da koyarwarsa lafiya lau, a san shi a matsayin malamin kirki, mu kuwa mu tashi ba mu san Malam Zurƙe ɗan Muhamman na cikin Ruwan Bagaja ba.

Aka sake irin wannan a 1978, lokacin da kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya shirya tasa gasar. Daga nan Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina ya fito, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. A 1982 kuma aka buga littattafan gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya, cikinsu har da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, shi ma Bakatsine. Duk inda aka buga gangar gasa, mutanen wannan jiha ba sa zama a baya.

A zamaninmu kuma ga Hikayata, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata zalla. Ta fito da sunayen da ba a taɓa ji ba a wajen unguwarsu. A 2020 wata ɗaliba daga Sakkwato, Maryam Umar, ta zo ta ɗaya da labarinta Rai da Cuta, aka karanta shi duniya ta ji.

[Kiɗa kaɗan]

To, jama'a, ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Littattafan 1933 domin 'yan makaranta aka buga su, don su sami abin karantawa da boko. Shekara da shekaru yara na karanta su a aji, suna amsa tambayoyin jarrabawa a kansu. Amma duk gasannin nan da na lissafa, manya ne suka fafata a cikinsu. Hikayata ma sai mace ta kai shekara 18 take shiga. Yaro dai mai karɓa ne kullum. A ba shi ya karanta, a ba shi ya haddace, a tambaye shi wane ne ya ce wa wane kaza a shafi na nawa. Ba a cika juyowa a ce masa, kai kuma fa, wane labari gare ka?

Alhali kuwa ƙasar Daura ƙasar labari ce. Ba yaron da zai tashi a nan bai ji zancen Bayajidda da rijiyar Kusugu da Sarauniya Daurama ba, kuma rijiyar na nan cikin birnin Daura, ana zuwa ganinta har gobe. Yarinyar da ta kwana tana jin Gizo da Ƙoƙi a bakin kakarta ta riga ta san inda ake tada labari da inda ake ja wa mai sauraro rai. Ta san mugu, ta san wawa, ta san mai wayon da wayonsa ke kai shi ya baro. Abin da ya rage mata takarda ce, da wani babba da zai nuna yana son ya karanta.

Mu leƙa aji mu ga abin da ke faruwa da wannan baiwa. Malami ya shigo darasin insha'i, ya rubuta a allo: Yadda Na Yi Hutuna. Yara sun duƙufa. Wata yarinya a benci na uku ta cika shafi guda da rabi, ta ba da labarin yadda akuyarsu ta ɓace ranar kasuwa, ita da ƙanenta suka bi sawu har bayan gari, suka same ta a garken wani makiyayi, da yadda ta rasa bakin da za ta ce tasu ce don kunya da tsoro. Littafin ya dawo hannunta da jan biro ko'ina. An zagaye inda ta manta lanƙwasar ƙa, an ja layi inda ta haɗa kalmomin da ake rabawa, an rubuta maki a ƙasa. Ba kalma ɗaya a kan akuyar, ko a kan kunyar nan da ta kama ta, wadda ita ce zuciyar rubutun. Ban ga laifin malamin ba, domin aikin da aka ɗora masa ke nan, ga kuma yara cike da aji, littattafai tuli suna jiran gyara. Sai dai yarinyar ta koyi darasi guda a ranar: rubutu wuri ne da ake kama mutum da kuskure. Gobe za ta rubuta layi biyar masu tsabta, ta ajiye biro.

Gasar labari tana buɗe wata ƙofa dabam. A Ingila akwai gasar da BBC ta ƙirƙiro a 2011, ana ce da ita 500 Words, wato yaro ya rubuta labarin da bai wuce kalma 500 ba. A tsarinta na yanzu rukuni biyu ne, 'yan shekara 5 zuwa 7, da 'yan 8 zuwa 11. Abin da ya fi burge ni a cikinta shi ne alƙalai ba sa rage wa yaro maki don ya yi kuskuren harafi ko na nahawu. Suna duba sabuntar tunani, da taurarin labarin, da yadda aka ƙulla shi, da harshe, da kuma daɗinsa. A farkon 2024 a Fadar Buckingham aka yi bikin ƙarshe, Sarauniya Camilla ta karɓi yaran, shahararrun mutane suka karanta labaransu da babbar murya. Akwai kuma gasar rubutu ta ƙasashen Kwamanwel, wadda ake yi wa 'yan makaranta tun 1883, yaran Najeriya ma suna da damar shiga. Amma da Turanci ake yinta, ta intanet ake aikawa, kuma yaron da ke ƙauyen Baure, wanda mafarkinsa ma da Hausa yake yi, an riga an bar shi a baya tun kafin a busa usur.

Kalma 500 ba wani abu ba ne mai yawa. Shafi biyu ne zuwa uku na littafin rubutun makaranta. Ba a bukatar kwamfuta, ba a bukatar lantarki.

[Kiɗa kaɗan]

Me yaran Baure za su rubuta? Wannan tambaya ba ta dame ni ba ko kaɗan. Yaron da ya tashi a Babban Mutum, bakin hanyar da ke ƙetarawa zuwa Magarya, ya ga abin da yaron cikin Kano bai gani ba. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a fara buɗe su ba sai Disambar 2020. A 2023, bayan juyin mulkin Nijar, aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. Manya sun yi ta magana a kan farashin kaya da siyasar ƙasashe, jaridu sun rubuta, mu ma a rediyo mun yi ta faɗa. Amma akwai yaron da gwaggonsa ke aure a tsallake, akwai yarinyar da babanta ke ci da iyali daga zirga-zirgar kan iyaka. Yadda abin ya kasance a cikin gidajensu, da abin da suka ji iyaye na faɗa ƙasa-ƙasa bayan sallar isha'i, su kaɗai suka san shi. Ga kuma uban da ke tafiya cin rani da zarar an kai amfanin gona gida, ga jiran saukar damina, ga ɗan da aka tura almajiranci da wanda aka bari. In ma yaro ya ce shi aljani zai rubuta, ko jakin da ke magana, ko ɗan Baure da ya hau jirgi zuwa duniyar wata, a bar shi. Imam ma ai a Magana Jari Ce aku ya ɗora a kan wazirci.

Yanzu bari in yi magana da waɗanda abin ke hannunsu: sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, shugabannin makarantu, iyayen ƙasa, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da marubutan jiha da ke cikin Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya.

Abu na farko da zan roƙa, a yi ta da Hausa, kuma Hausar da yaron ke yi da uwarsa. In Dauranci ya fito a bakin tauraron labari, kada alƙali ya goge shi ya mai da shi Kananci. Daidaitacciyar Hausa tana da wurinta, edita zai gyara rubutu in an zo bugawa, tare da yaron a gefensa yana gani yana koyo. A kuma karɓi ajami. Akwai yara da yawa a tsangaya da Islamiyya waɗanda hannunsu ya faɗa da harafin Larabci fiye da na boko, kuma in aka ce sai boko, an rufe musu ƙofa ba tare da an faɗa ba. Samun malamin da zai karanta ajami a ƙasar Daura ba wahala ba ne.

Akwai matsala guda da duk mai shirya irin wannan gasa zai ci karo da ita, gara a faɗe ta tun yanzu. Da zarar an ambaci kyauta, wani yayan zai rubuta wa ƙanensa, wani malamin zai sa hannu don makarantarsa ta yi suna, wani kuma zai kwafo daga waya. Maganin abin mai sauƙi ne. Zagaye na farko kowa ya rubuta a makarantarsa. Waɗanda aka zaɓa a tara su a zaure ɗaya a garin Baure, a ba kowa takarda da biro da sa'a biyu, ya ƙirƙiro sabon labari a gaban jama'a. A cire sunaye a sa lamba kafin takardu su kai hannun alƙalai, don kada a ce ɗan wane ne ya ci saboda ubansa. A raba 'yan firamare da 'yan sakandare, kada a haɗa mai shekara 9 da mai 17 a ma'auni ɗaya. 'Yan mata kuwa a nemi yardar iyayensu tun da wuri, a yi zaman da rana, a sa malamai mata su rako su, domin in ba a yi haka ba za a wayi gari zauren duk maza ne, kuma Hikayata ta riga ta nuna mana irin abin da ke hannun mata.

Game da kyauta, ina da ra'ayi mai ƙarfi. Kuɗi suna da amfani, ba na musu, amma kwana kaɗan za su shige cikin cefanen gida. Abin da yaro ba zai manta ba shi ne ya ji an karanta labarinsa a rediyo, an ambaci sunansa da na ƙauyensu, kakarsa na zaune kusa da akwatin tana ji. A tattara labarai 20 mafiya kyau a buga ɗan ƙaramin littafi, ko da a maɗaba'ar cikin gari ce, a raba wa makarantun ƙaramar hukumar, 'yan aji huɗu na baɗi su karanta abin da 'yan aji shida na bana suka rubuta. Wanda bai ci ba kuma kada a bar shi hannu rabbana. Alƙali ya rubuta masa layi biyu a ƙasan takardarsa, ya gaya masa wurin da labarin ya yi daɗi.

Sa'an nan a sa mata lokaci tsayayye, a yi ta kowace shekara. Gasar da aka yi sau ɗaya, aka ɗauki hoto da manyan baƙi aka watse, ba ta yin marubuci. Zangon karatu na bayan kaka ya fi dacewa, lokacin da aikin gona ya yi sauƙi, yara sun dawo aji sosai, iyaye kuma suna da ɗan abin hannu. Shugaban makaranta ɗaya ma zai iya farawa da ɗalibansa a wannan zangon, ya gayyaci makarantar da ke kusa da shi a zango na gaba, ba sai ya jira takarda daga Katsina ba.

A nan za mu dakata a shirin namu na yau. Sai wani makon idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.

[Kiɗan rufe shiri]