Daga Tsohuwar Waya Zuwa Sabuwa: Abubuwan Lura Wajen Sauya Wayar Hannu a Achilafiya da Kewayenta

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi matakin da mai waya ke ɗauka idan ya ƙudurta barin tsohuwar wayarsa ya sayi sabuwa, ta hanyar ɗaukar Achilafiya da garuruwan da ke kewaye da ita a matsayin misali. Ta nuna cewa abubuwan da ake tallatawa a jikin kwali, kamar ƙarfin kyamara da 5G, ba su ne ke tabbatar da amfanin waya a wannan yanki ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne makomar abin da ke cikin tsohuwar wayar, da yadda sabuwar ke rubuta Hausa, da kuma juriyarta ga ƙarancin wuta da zafin rana.

1.0 Gabatarwa

Achilafiya gari ne a Ƙaramar Hukumar 'Yankwashi, cikin Masarautar Kazaure, a arewa maso yammacin Jihar Jigawa. Yanki ne na manoma da 'yan kasuwa, wanda ke da kusanci da Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, kuma hanyar Kano zuwa Daura ce ke sada shi da manyan kasuwanni. Wayar salula ta shigo Nijeriya gadan-gadan a watan Agustan 2001, lokacin da kamfanonin MTN da Econet suka fara aiki, sannan Glo ya biyo baya a 2003. A cikin shekaru ashirin da 'yan kai, Bahaushe ya raɗa wa wannan na'ura sunaye iri-iri: wayar hannu, da tafi-da-gidanka, da komai-da-ruwanka. A bakin jama'a kuwa, rabon ya fi sauƙi, akwai “ƙaramar waya” mai maɓallai da tocila, akwai kuma “babbar waya” wadda ake shafa fuskarta. Girman da ake nufi a nan ba na jiki kaɗai ba ne, har da na aiki da na matsayin mai riƙe da ita.

Dalilan sauya waya ba su da yawa. Ko dai batir ya mutu, ko fuska ta fashe, ko wuri ya cika, ko kuma manhaja ta daina aiki. Wannan na ƙarshe ba a hannun mai waya yake ba. Alal misali, tun daga watan Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da tsarinsu bai kai Android 5.0 ba, sai wayar da take lafiya ƙalau ta wayi gari ba ta iya karɓar saƙon murya. Sauyin ya kuma zo a lokacin da kuɗin waya ya yi tashin gwauron zabo bayan sakin darajar Naira a watan Yunin 2023, domin daga waje ake shigo da wayoyin. Ke nan, wanda ya yi kuskuren zaɓi zai daɗe yana zaune da kuskurensa.

2.0 Tsohuwar waya a matsayin taska

Mai saye yakan fara da tambayar wace waya zai saya, alhali tambayar da ta kamata ta riga ta ita ce mene ne a cikin wadda zai bari. A ƙasar Hausa waya ta zama rumbun adabin baka ba tare da an yi niyya ba. A cikinta ake samun karatun malamin gari da aka naɗa a watan azumi, da kiɗan biki, da kirarin 'yan dambe, da waƙoƙin da aka turo a shagon masu tura fina-finai, da dubban saƙonnin murya. Saƙon murya ya samu karɓuwa ne saboda ya dace da al'ummar da magana ta fi rubutu ƙarfi a cikinta. Tsohuwar da ba ta yi boko ba tana iya aika gaisuwa ga ɗanta da ke ci-rani a Legas, da karin harshenta da salon maganarta. Ga mai nazarin Hausa, irin wannan saƙo shaida ce ta yadda ake magana a ƙasar Kazaure a wannan zamani. Ga iyalinta kuwa, wataƙila shi ne kaɗai muryarta da za ta rage bayan rasuwarta.

A nan ne gizo ke saƙar. Waɗannan abubuwa ba a wuri ɗaya suke zaune ba. Lambobin mutane suna iya kasancewa a kan layi, ko a ma'adanar wayar, ko a asusun Google. Waƙoƙi da karatu galibi suna kan katin memori. Hirarrakin WhatsApp kuwa suna cikin wayar kanta, kuma ba sa bin layi zuwa sabuwar waya sai an yi musu ajiya a Google Drive, ko an yi amfani da hanyar tura hira kai tsaye daga waya zuwa waya. Manhajojin turi irin su Xender suna kwashe hotuna da bidiyo da sauti, amma ba sa mayar da hira yadda take. Haka kuma, wurin da Google ke bayarwa kyauta gigabait 15 ne, kuma tun farkon 2024 ajiyar WhatsApp ta Android tana cin rabonta a cikinsa. Wanda wurinsa ya cika zai iya zaton ana yi masa ajiya, alhali ta tsaya tun tuni.

Babbar matsalar ita ce asusun Google ɗin kansa. Da yawa daga masu waya a karkara ba su ne suka buɗe shi ba. Yaron shago ne ya buɗe musu a ranar da suka sayi wayar, ya zaɓi kalmar sirri, ya sallame su. Bayan shekara huɗu ba mai wayar ba, ba yaron shagon ba, babu wanda ke tuna ta. Saboda haka aikin farko, tun kafin a je kasuwa, shi ne a tabbatar da asusun da kalmar sirrinsa tun tsohuwar wayar tana numfashi. Wannan ne kuma ya sa cinikin musaya, wato a ba da tsohuwa a yi ciko a karɓi sabuwa nan take, yake da haɗari duk da sauƙinsa. Da zarar an miƙa wayar an goge ta, abin da ke ciki ya tafi ke nan.

Wannan taska ita ce ke nuna irin wayar da ta dace. Wanda ya tara karatu da waƙoƙi a katin memori yana buƙatar wayar da ke da gurbin katin, kuma manyan wayoyi masu tsada da dama sun daina zuwa da shi, iPhone kuwa ba ta taɓa zuwa da shi ba. Ɗalibin da zai fita neman bayanai a ƙauyukan Roni ko Gwiwa ya kamata ya san cewa naɗin murya marar matsi yana cin kusan megabait 5 a minti ɗaya, ninki biyu kuma idan ta kafa biyu aka naɗa. Saƙon murya na WhatsApp matsattse ne, don haka ba zai maye gurbin naɗi na asali ba ga mai nazarin furuci.

3.0 Haruffa masu lanƙwasa

Wannan batu ne da mai shago ba zai taɓa ambata ba. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ sun kafu a rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin Hukumar Talifi ta Zariya, a Nijar kuma ana ƙara ƴ a inda Nijeriya ke rubuta 'y. Ba ado ba ne, domin su ne ke raba baki da baƙi, da fada da faɗa, da kasa da ƙasa, da bata da ɓata. Duk da haka, rubutun waya ya yi shekaru yana tafiya babu su, har wasu suka ɗora laifin kacokan a kan sakacin matasa.

Gaskiyar ita ce na'urar ma tana da nata kason. Ƙananan wayoyi ba su da waɗannan haruffa a maɓallansu. Hasali ma, tsarin saƙon tes na GSM yana ɗaukar haruffa 160 ne muddin duk suna cikin jerin da aka tanada masa, kuma ƙ da ɗ da ɓ ba sa cikin jerin. Da zarar ɗaya ta shiga, sai saƙon ya koma wani tsari mai ɗaukar haruffa 70 kacal. Ma'ana, rubuta Hausa daidai yana iya ninka kuɗin saƙo. Al'adar da ta ginu a kan wannan ƙunci ita ce ta biyo mutane zuwa babbar waya, inda ƙuncin ya kau amma sabo ya zauna.

A yau allon rubutu na Gboard yana da Hausa, kuma ana iya saukar da shi a kusan kowace wayar Android. Sai dai wayar da aka kera don kasuwar cikin gidan Sin takan zo babu manhajojin Google, wasu wayoyin kuma salon rubutun da aka ɗora musu ba ya ɗauke da haruffan, sai su fito a karkace ko a matsayin ɗan akwati. Gwajin ba shi da wuya: a buɗe allon rubutu a gaban mai shago, a rubuta ƙwaƙwalwa da ɗanɗano da ɓarɓashi, manya da ƙanana. Lamarin ajami ya fi haka tsauri. Haruffan Warsh da ake amfani da su a Afirka ta Yamma sun shiga ƙa'idar Unicode a 2016, wasu haruffan da suka keɓanta da Hausa kuma sai a 2020. Wayar da tsarinta ya tsufa ba lallai ta nuna su ba. Don haka, ga mai aiki da rubuce-rubucen ajami, sabuntar tsarin waya ya fi kyan kyamararta muhimmanci.

4.0 Wuta, zafi da sabis

Batir shi ne ran waya a wurin da wutar lantarki ba ta da tabbas, kuma ana biyan kuɗi a shagon caji. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa wayoyin Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk na kamfanin Transsion na ƙasar Sin ne, suka mamaye kasuwar arewa: babban batir, da gurbin layi biyu, da kayan gyara a ko'ina. Batir mai 5,000 mAh ya zama ruwan dare a wayoyi masu matsakaicin kuɗi. Amma lambar ba ta faɗin komai game da zafi. Batirin lithium yana saurin tsufa idan ana cajinsa cikin zafi, kuma a watannin Maris zuwa Mayu zafin wannan yanki yakan haura maki 40. Wayar da ake jibgewa tare da wasu gommai a kan teburin mai caji, a ƙarƙashin rufin kwano, ba za ta kai shekarun da kamfani ya ƙiyasta mata ba. A duba bakin caja ma, domin sababbin wayoyi sun koma USB-C, tsohuwar caja ba za ta shiga ba.

Batun 5G kuwa, an yi gwanjon lasisinsa a watan Disamban 2021, MTN ya fara shi a 2022, Airtel kuma a 2023, amma a manyan birane ya fi ƙarfi. Biyan ƙarin kuɗi dominsa a ƙauyen da 4G ma sai an nemi tudu, asara ce. Gurbin layi biyu ya fi amfani, musamman ga 'yan kasuwar Babura da ke hulɗa da tsallaken iyakar Nijar. Akwai kuma rediyon FM, wanda ke aiki ba tare da data ba, sai dai a wayoyi da yawa yana buƙatar a maƙala abin sauraro na kunne a matsayin eriya. Wayoyi masu tsada da yawa ba su da shi. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, wannan ƙaramin abu ya ƙara daraja ga al'ummar da sauraron rediyo ya zame mata jiki.

5.0 A bakin kanta

Mai neman zaɓi mai yawa daga wannan yanki yakan nufi Kano, kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut. A can zai tarar da sabuwa dal a kwali, da ta hannu, da tokumbo wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje. Lambobin jikin kwali suna buƙatar fassara. Idan aka rubuta RAM “4+4”, huɗun farko ne na ainihi, na biyun aro ne daga ma'adanar wayar, kuma bai kai na ainihin sauri ba. Ma'adana mai gigabait 32 ba duka ke zuwa hannun mai saye ba, domin tsarin wayar ya riga ya ci kaso mai tsoka. Ya kamata kuma a tambayi shekarun da kamfani zai ci gaba da sabunta tsarin. Samsung da Google sun yi alkawarin shekara bakwai ga manyan wayoyinsu na baya-bayan nan, amma da yawa daga cikin masu rahusa ba sa samun ko kusa da haka, kuma wannan ne ke ƙayyade ranar da manhajar banki za ta juya wa wayar baya. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, manhajar banki ta zama larura har ga ɗan tireda.

Tokumbo tana da nata tarkon. Danna *#06# yana fito da lambar IMEI mai alƙaluma 15, wadda ya kamata ta yi daidai da ta kwali ko ta rasit, domin sayen wayar sata yana iya kai mutum ofishin 'yan sanda ba tare da ya san hawa ba. Dole ne kuma tsohon mai ita ya cire asusunsa na Google ko iCloud, in ba haka ba wayar za ta kulle bayan an goge ta. Bugu da ƙari, iPhone da aka kera don kasuwar Amurka tun daga samfurin 14 na 2022 ba ta da gurbin layi, sai eSIM, wanda yakan buƙaci zuwa ofishin kamfanin sadarwa, abin da ba ya samuwa a kowane gari.

Ita kuwa tsohuwar waya, a al'adar gida ba a yar da ita, ƙani ko uwargida ko mahaifiya ake miƙa wa. Kafin a miƙa, sai an buɗe sabuwar an saurari wasu daga cikin tsofaffin saƙonnin murya an tabbatar sun iso, an cire katin memori, an fitar da asusun Google da manhajar banki, sannan a goge ta. Layin da ke cikinta ma a kula da shi, domin tun Disamban 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN ta mai shi. Idan aka bar shi ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani yana iya sake sayar da lambar ga wani, alhali ita ce ke karɓar saƙon banki da lambar shiga WhatsApp na mai ita na farko.