DAMAGARAM: DAGA PALE ZUWA FAGEN AIKI

Duk wanda ya san birnin Damagaram ya san sunan Kara-Kara. Unguwa ce a gefen gari, inda tun da daɗewa aka tsugunar da kutare da sauran waɗanda jama'a ta ƙi zama da su. Iyaye sun rayu da bara da fasa dutse. Ɗiyansu da jikokinsu lafiyarsu lau, amma sun gaji sunan unguwar: saurayi in ya je neman aiki ya ce daga Kara-Kara yake, sau da yawa magana ta ƙare ke nan.

Daga samariya zuwa pale

A zamanin Janar Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, samariya ce ke riƙe da matasan ƙasarmu. Kowace unguwa da sarkin samarinta. Su ke gina azuzuwan lakkol, su share hanyoyi, su dasa itatuwa. Bayan Taron Ƙasa na 1991 samariya ta watse, ba a kuwa kafa wani abu a gurbinta ba. Sai fadodi suka bayyana, inda samari ke zama gindin bango suna dafa shayi, suna sauraren rediyo. Mafi yawan fadodin nan ba su cutar da kowa ba.

Cikin shekarun 2000 ne wasunsu suka rikiɗe suka zama abin da ake kira pale, wato fada da Faransanci. Ɗan pale yana ɗaga ƙarfe, yana shan tramol, yana yawo da adda. Faɗa tsakanin unguwa da unguwa, ƙwace da fyaɗe suka hana mutane barci. Da aka buɗe matatar man SORAZ a 2011, samari da yawa sun sa rai ga aiki, amma matata ba ta ɗaukar wanda bai da takarda. A tarzomar 16 ga Janairu 2015, da aka ƙone majami'u da gidan al'adun Faransa da Nijar, ƴan pale na cikin waɗanda aka ɗora wa laifi.

Abin da aka gwada

Kaso shi kaɗai bai magance matsalar ba, domin wanda ya fito ba sana'a, gindin bangon nan yake komawa. Saboda haka masu unguwanni da malamai da ƙungiyoyi suka bi wata hanya: su zauna da shugabannin pale, su saurare su. Dalili kuwa shi ne, pale tana da tsari. Akwai shugaba, akwai kuɗin taro, akwai doka, kuma in shugaba ya yi magana yaransa na ji. In aka shawo kan mutum guda, an shawo kan gomiya.

Ta haka aka ga samarin da ake tsoro jiya suna yashe magudanan ruwa kafin damina, suna kwashe shara, suna gadin dare. Wasu sun shiga cibiyoyin koyon sana'a na CFM, suka koyi walda, kafinta, ɗinki da gyaran babur. Asusun FAFPA kuma an kafa shi ne domin tallafa wa irin wannan horo. Wasu suka kama kabu-kabu. Fim ɗin "Zinder" na Aisha Maki, ɗiyar garin, wanda ya fito a 2021, ya nuna ƴan wata pale ta Kara-Kara suna fafutukar kafa kamfanin gadi, don ƙarfin da suka tara ya zamanto abin ci da iyali.

Inda gizo ke saƙa

Horo na wata uku ba ya isa in ba kayan aiki da jari. An sha ganin furoje ya zo da kuɗi, ya tara samari, ranar da kuɗi suka ƙare kowa ya koma inda ya fito. Ga shi kuma sana'ar ruwa-ruwa, wato sayar da man Nijeriya cikin kwalabe, wadda ta ciyar da gidaje masu yawa, ta ja baya tun da Nijeriya ta janye tallafin mai a Mayun 2023. Sa'an nan yaron da bai da takardar haihuwa ba ya zama jarrabawa, ba ya samun katin ɗan ƙasa. Ƙofar aiki a rufe take gabansa tun bai ƙwanƙwasa ba.

Kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Ƙannen ƴan pale na yau suna nan suna kallon yayyensu. Ya kamata ma'aikatar magajin gari ta riƙa ba ƙungiyoyin samarin unguwa kwangilar tsabta da gadi a rubuce, ta biya su kan kari. Alƙalai su kai zaman ba da takardun haihuwa har cikin unguwa. Masu garaji da ƴan kasuwa su karɓi almajirin sana'a ba tare da tambayar unguwarsu ba. Mu kuma iyaye, mu tuna icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.