Antibayros Ba Ta Shiga Cikin Gida: Yadda Tsaron Wayarka Ke Aiki

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, cinikin shinkafa, tattasai da kifi a Haɗejia, Auyo, Kafin Hausa da Guri ya ƙara karkata ga tiransifa. Yanzu waya ce jakar kuɗi. Duk da haka, za ka ga matashi ya kashe Play Protect don ya sanya GBWhatsApp da aka turo masa ta Xender, sannan ya sauke antibayros ya ɗauka ya tsira. Ya sallami mai gadi ne, ya ɗauko wanda bai kai shi ƙarfi ba.

Zaure da cikin gida

Ma'ajiyar wayar Android kashi biyu ce. Akwai inda manhajojinka, hotuna da saƙonni suke, kamar zaure. Akwai kuma cikin gida, inda fayilolin babbar manhajar wayar suke a kulle: ana karanta su, ba a sauya su. Tun Android 7.0 a 2016, waya kan binciki waɗannan fayiloli duk lokacin da aka kunna ta. Idan an taɓa su, ta yi gargaɗi ko ta ƙi tashi.

Antibayros ɗin da ka sauke manhaja ce kamar kowace, iyakarta zaure. Za ta duba abin da ka sanya, ta ce ka cire, amma ba ta da ikon gyara fayilolin ciki. Play Protect, wanda Google ya fitar a 2017, ya fi ta dogon hannu: yana duba har manhajojin da ba daga Play Store suka fito ba, kuma yana iya dakatar da mai cutarwa ko ya cire ta.

Idan ɓarawon na ciki ne

A 2020, masu bincike na Secure-D sun bayyana cewa kimanin wayoyin Tecno W2 53,000 da aka sayar a ƙasashe irin su Habasha, Masar da Ghana sun zo da muguwar manhajar Triada tun daga kwali. Tana yi wa mutane rajistar ayyukan da ke cinye kuɗin kati da data ba da saninsu ba. Mayar da waya yadda ta fito daga kamfani bai kore ta ba, domin wannan zaure kawai yake sharewa. Maganin irin wannan shi ne sabuntawa daga kamfanin wayar.

Shi ya sa filashin ke buƙatar lura. Idan mai gyara ya buɗe makullin wayar ya ɗora manhajar da ba ta kamfani ba, ko ya yi mata rutin, katangar ta faɗi. Manhajojin banki da dama kan gane hakan su ƙi buɗewa.

Izinin da kake bayarwa da hannunka

Manhajar share datti ba ta iya taɓa fayilolin ciki, amma idan ka ba ta izinin duk fayiloli, tana iya haɗawa da rasit ɗin tiransifa da saƙon muryar da ke shaidar bashin buhunan shinkafa. Izinin Accessibility ya fi haɗari, domin yana bai wa manhaja damar karanta allonka ta danna maka. Tun Android 13 a 2022, waya kan hana manhajar da aka sanya daga waje wannan izini, sai in kai ka buɗe mata.

Abin da za ka yi yau

1. Shiga Play Store, danna hotonka, zaɓi Play Protect, ka tabbatar a kunne yake.
2. A saituna, hana Xender da Chrome izinin sanya manhaja.
3. Duba masu izinin Accessibility, ka kashe wa wadda ba ka sani ba.
4. Kada ka tsallake sabuntawa idan ta zo.
5. Kafin filashin, adana fayilolinka, ka nemi a ɗora manhajar kamfani.

Duk manhajar da ta ce sai ka kashe tsaro kafin ta shiga, ta riga ta faɗa maka halinta. Bar ta a waje.