Gishiri, Kanwa da Toka: Matsalar Sunayen Gishirin Ɗakin Gwaji a Hausa

1.0 Gabatarwa

A wurin Bahaushe, gishiri shi ne abin da ake sa wa miya. A wurin masana kimiyya kuwa, kalmar ta ƙunshi dangin sinadarai masu yawa, waɗanda in sun narke a ruwa sukan rabu zuwa ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana aikin uku daga cikinsu, tare da nuna wani kuskuren fassara da ke tattare da su.

2.0 Aikin Gishiri a Ƙwayar Halitta

Kowace ƙwayar halitta tana lulluɓe da tantani. Sodiyam ya fi yawa a wajensa, fotasiyam kuma a cikinsa. Wannan rarrabuwa ita ke haifar da bambancin lantarki na kimanin milibolt 70 a jijiyar da ke hutawa. Idan saƙo ya zo, sai sodiyam ya kwarara ciki, sannan fotasiyam ya fita, kamar yadda Hodgkin da Huxley suka tabbatar a 1952. Tun a 1883 Sydney Ringer ya gano a Landan cewa zuciyar kwaɗo da aka cire ba ta ci gaba da bugawa sai ruwan da take ciki yana da kalsiyam. Shi ya sa masu bincike ke haɗa gishirin sodiyam da na fotasiyam da na kalsiyam bisa awo, don raya ƙwayar da suke nazari.

3.0 Matsalar Fassara

An saba fassara kalmar Ingilishi potash da kanwa, alhali daga potash aka samo sunan fotasiyam. Sai dai kanwar da ake kawowa daga Borno da yankin Tafkin Chadi galibinta sodiyam ce, wato 'yar'uwar gishirin Bilma. Abin da ke da fotasiyam shi ne ruwan toka. Saboda haka wanda ya kira fotasiyam kanwa ya mayar da na waje ciki, ya kuma juya wa ɗalibi bayanin gaba ɗaya.

4.0 Kammalawa

Hukumar NERDC da ke Sheda a Abuja ita ta ɗauki nauyin littafin Hausa Metalanguage na 1990, wanda ya tattara kalmomin nazarin harshe da adabi. Ya kamata a yi wa kimiyyar jiki irin wannan aiki: a bar gishiri a matsayin sunan dangi, a ari sodiyam da fotasiyam da kalsiyam, a bar wa kanwa ma'anarta ta asali.