Ko Ka Sani? Bututun Kwali da Ake Jefawa Cikin Mahaukaciyar Guguwa

Kaka a gaɓar Mashigin Tekun Meziko, tun daga jihar Tekzas har zuwa Fulorida a ƙasar Amurka, lokaci ne na zaman ɗar-ɗar, domin ruwan teku yakan kwana da zafin da ya tara tun bazara, kuma wannan zafi shi ne abincin mahaukaciyar guguwa, wato guguwar teku mai juyawa wadda gudun iskarta ya kai kilomita 119 a awa ɗaya. A hukumance kakar guguwar Tekun Atlantika tana farawa ne ranar 1 ga Yuni ta ƙare ranar 30 ga Nuwamba, amma ganiyarta tana faɗowa ne wajen 10 ga Satumba, sannan haɗarin ya ci gaba har cikin Oktoba. Hukumar kula da teku da sararin samaniya ta Amurka, NOAA, tana fitar da hasashen kakar a watan Mayu, ta sabunta shi a Agusta, inda take auna shekarar da matsakaicin da aka saba gani tsakanin 1991 da 2020: guguwa 14 masu suna, 7 daga ciki su zama mahaukata, 3 kuma su kai matakin manya.

Irin wannan hasashe yana da amfani ga hukumomi da kamfanonin inshora, sai dai ba ya iya faɗa wa masunci ko mai gida a bakin teku ko guguwar za ta sauka a garinsa, balle ƙarfin da za ta zo da shi. Amsar wannan tambaya ba ta samuwa sai an auna cikin guguwar kanta, kuma abin da ke yin awon wani ɗan bututu ne na kwali mai tsawon kimanin santimita 40, wanda nauyinsa bai kai rabin kilo ba, ana kiransa dirofson.

Dalilin bukatarsa yana da sauƙin fahimta. Tauraron ɗan'adam yana kallon guguwa ne daga sama, don haka abin da ya fi gani shi ne saman gajimare da yadda ya murɗe, kuma daga wannan siffa masana ke ƙiyasta ƙarfinta ta hanyar dabarar da Vernon Dvorak ya tsara a shekarun 1970. Ƙiyasi dai ba awo ba ne, iskar da ke yaye rufin gida da tura teku cikin gari kuwa a ƙasa take, kusa da fuskar ruwa, inda gajimare ya rufe wa tauraro ido. Saboda haka ake tura jiragen sama da ake wa laƙabi da mafarautan guguwa: jirage 10 samfurin WC-130J na rundunar sojin sama ta ko-ta-kwana da ke sansanin Keesler a garin Biloxi na jihar Misisifi, da jirage biyu samfurin WP-3D Orion na NOAA da ke Lakeland a Fulorida, waɗanda suke aiki tun tsakiyar shekarun 1970. Wannan sana'a ta samo asali ne ranar 27 ga Yuli, 1943, lokacin da Kanar Joseph Duckworth ya kutsa cikin wata guguwa a gaɓar Tekzas da ɗan ƙaramin jirgin koyon tuƙi, ya kuma fito lafiya.

Jirgin yakan shiga ne a tsayin kimanin mita 3,000, ya ratsa bangon ido, wato zoben gajimare mai tsananin iska da ruwa da ke kewaye da tsakiyar guguwar, ya faɗa cikin idon, inda iska ke lafawa har a wasu lokuta a hangi shuɗin sama, sannan ya fita ta ɗaya ɓangaren ya sake dawowa ta wata kusurwa. A wuraren da aka zaɓa, ma'aikaci yakan saka bututun a wata ƙofa ta ƙasan jirgin ya sake shi. Da fitarsa sai 'yar ƙaramar lema ta buɗe don ta daidaita saukarsa, shi kuma ya riƙa auna abubuwa uku da na'urorin da ke bakinsa, wato zafin iska da danshinta da matsinta, yana aika sakamakon ta rediyo zuwa jirgin fiye da sau ɗaya a kowace daƙiƙa. Abu na huɗu, gudun iska da alƙiblarta, ba ya bukatar wata farfela ko kaɗan, domin bututun yana ɗauke da na'urar GPS, kuma tun da iska ce ke ɗaukarsa kamar yadda kogi ke tafiya da kara, duk inda ya gusa da saurin da ya gusa shi ne labarin iskar. Cikin 'yan mintuna ya faɗa teku aikinsa ya ƙare, ba a kuma komawa nemansa.

Matsin iska ya cancanci ƙarin bayani, domin shi ne ma'aunin da masana suka fi dogara da shi. Iskar da ke bisa kowane wuri tana da nauyi, kuma a bakin teku matsakaicin wannan nauyi miliba 1013 ne. A tsakiyar guguwa iska mai ɗumi tana ta hawa sama, matsin ya ragu, iskar kewaye kuma ta ruga don cike gurbin. Gwargwadon faɗuwar matsin, gwargwadon ƙarfin rugawar. Ranar 19 ga Oktoba, 2005, awon da aka yi a idon guguwar Wilma a yammacin Tekun Karibiyan ya kai ga adadin miliba 882, mafi ƙanƙanta da aka taɓa samu a Atlantika. Samfurin bututun mai GPS, wanda cibiyar binciken sararin samaniya ta NCAR da ke jihar Kolorado ta ƙera, ya fara aiki cikin guguwa a 1997, kuma shi ne ya nuna a karon farko yadda iska ke sauyawa daga tsayin jirgi har zuwa fuskar ruwa. Albarkacin wannan sani aka sake nazarin guguwar Andrew ta 1992, aka ɗaga ta zuwa mataki na 5, mafi girma, shekara 10 bayan ta wuce.

Aikin ba ya rasa haɗari, kuma ba iskar da ke kaɗawa gefe ce ke tsoratar da matuƙa ba, sai ginshiƙan iska masu hawa da sauka da ke wurga jirgi sama su maka shi ƙasa. A Satumban 1955 jirgin sojin ruwa ya ɓace cikin guguwar Janet da mutum 11, a 1989 kuma ɗaya daga jiragen NOAA ya rasa inji guda a cikin guguwar Hugo, da ƙyar ya fito.

Darajar wannan awo ta fi bayyana a ƙarshen kakar guguwa. A Agusta da Satumba guguwa da yawa suna tasowa ne daga nesa, kusa da tsibiran Kef Bade, a sami kwanaki ana bin sawunsu. A Oktoba kuwa mahaifarsu takan koma yammacin Karibiyan da cikin Mashigin Meziko, wato ƙofar gida, inda ruwa ke da zafi fiye da digiri 26 da guguwa ke bukata, kuma a nan ne ake yawan ganin abin da masana ke kira ƙaruwar gaggawa, wato gudun iska ya ƙaru da aƙalla kilomita 55 a awa cikin yini da dare guda. Guguwar Michael ta sami suna ranar 7 ga Oktoba, 2018, ta sauka a arewa maso yammacin Fulorida ranar 10 ga wata tana mataki na 5. Kuskuren hasashen hanyar guguwa ya ragu da fiye da rabi tun 1990, amma hasashen ƙarfi ya fi jan ƙafa, shi ya sa umarnin kwashe jama'a yake rataye a kan abin da jirgi ya aiko wa cibiyar guguwa ta Mayami a sa'o'in da suka gabata.

Mafi yawan manyan guguwar Atlantika kuwa daga Afirka asalinsu yake. A damina, bambancin zafi tsakanin Sahara da ƙasashen kurmi yana haifar da wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas, wadda ke yin lanƙwasa duk bayan kwana uku zuwa biyar, kuma waɗannan lanƙwasa su ne ke tattaro hadarin da ke zubar da ruwa a Chadi da Nijar da Arewacin Nijeriya kafin su fice ta gaɓar Senegal. Kimanin 60 ne ke fita a shekara, kaɗan daga ciki su rikiɗe su zama guguwa. Don a bi su tun daga tushe, masana na Faransa da Amurka sun saki manyan balan-balan daga Damagaram a daminar 2006, waɗanda suka hau kimanin kilomita 20, iska ta tafi da su yamma har bisa Atlantika, suna sakin ƙananan bututan awo ɗaya bayan ɗaya bisa umarnin da ake aika musu ta tauraron ɗan'adam.