Ko Kun Sani? Bahar Aswad Ya Taɓa Zama Tafkin Ruwan Daɗi

Kimanin shekaru 20,000 da suka shige, ruwa mai tarin yawa ya daskare a doron ƙasa, har tekunan duniya suka ja baya da kusan mita 120. Mashigin Bosforus da ke ratsa birnin Istanbul ya ƙafe, Bahar Aswad ya yanke daga Bahar Rum, ya koma tafkin da koguna irin su Danube ke shayarwa. Shaidar tana cikin lakar da ake haƙowa daga gindinsa: a can ƙasa ɓawon katantanwar ruwan daɗi ne, a samansa kuma na ruwan gishiri.

A 1997 masana William Ryan da Walter Pitman suka ce ruwan Bahar Rum ya ɓalle cikin tafkin ne da gagarumar ambaliya shekaru 7,600 da suka wuce. Wasu masanan sun musa, suna cewa ruwan ya riga wannan lokaci shiga, kuma sannu a hankali ya kwararo. Sai dai wannan saɓani bai rushe hujjar ba, domin gardamar a kan sauri da lokaci take. Kowa ya yarda narkewar ƙanƙara ce ta ɗaga teku har ya ƙetare mashigin. Yau ma ƙanƙarar tana narkewa, don haka wajibi ne biranen gaɓar teku su ɗauki darasi.